Gwaggo Jinet Mai Tanderu

Duk wanda Gwaggo Jinet ta taɓa cin abinci a gidansa ya san ba ta sa hannu sai ta fara gaisawa da kwanon. Za ta ɗaga shi sama ta leƙa gindinsa, ta ƙwanƙwasa masa farce, sannan ta kai kunne. In ya yi amo mai tsawo, sai ta gyaɗa kai ta ce, "Lafiyarsa ƙalau," ta yi bismilla. In kuwa ya yi ƙwas ya tsaya, sai ta dubi matar gida da tausayi, kamar wadda aka aiko ta faɗi rasuwa. Ko da miya a ciki ko babu, wannan bai taɓa damunta ba. Ku da kuka zauna da mu a unguwar Hindawiyya ta Jidda kun san shimfiɗu nawa aka wanke saboda wannan gaisuwa.

Ranar da aka jera kayan ɗakin yayata Salma, Umma ta roƙe ta tun daga matattakala.

"Yaya Jinet, don girman Allah yau ki bar farcenki a gida. Dangin ango suna ciki."

"Na ji, Dije."

Ta ji ɗin, amma tana shiga idonta ya faɗa kan wasu kofunan shayi masu bakin zinariya da aka sayo a kasuwar Sharafiyya. Ta ɗauki ɗaya, ta ƙwanƙwasa, ta ajiye. Ta ɗauki na biyu.

"Wannan da ciwonsa aka haife shi," in ji ta.

Umma ta matso ta mintsine ta. "A rufa mana asiri."

"Ni na rufa. Ruwan zafi ne zai tona."

Aka kawo shayi, aka zuba wa gwaggon ango a wannan kofin, ya ce tas ya rabu biyu a hannunta. Gwaggo Jinet ba ta ko ɗaga kai ba, ta ci gaba da cin dabinonta. Bayan 'yan kwanaki ta aika wa Yaya Salma kofuna na ginin hannunta, masu kauri, ba zinariya ba komai. Yaran gidan sun yi ƙwallo da su, sun jefo su daga kan gado, suna nan har yau. Yaya Salma takan ce sun fi auren wasu ƙarko.

Saboda yaran da suka taso daga baya, bari in faɗi yadda aka yi Bafaranshiya ta zama Gwaggonmu. Kawu Ilyasu, wan Umma, ya bar Damagaram yana saurayi ya tafi Faransa neman aiki, ya samu a wata masana'antar tayil. A can ya gamu da ita, ta gama makarantar zane da ginin yumɓu, tana zana musu furannin da ake bugawa a jikin kaya. Ta musulunta, suka yi aure, suka zo aikin Hajji. Kakarmu tana nan Jidda tun tuni, ta riƙe hannun ɗanta ta ce ba inda za shi. Wasu na cewa Gwaggo ta yi kuka a lokacin. Na tambayi Umma, ta ce ba ta yi ba, hawa saman bene kawai ta yi, ta auna shi da taku, ta sauko ta ce, "Tanderu zai zauna a nan." Allah bai ba su haihuwa ba, don haka mu duka muka zama nata, ko muna so ko ba ma so.

Hausarta ta tsofaffin Damagaram ce, daga bakin Kaka ta kwashe ta har da zagin. In ƙanena Anas ya amsa mata da "tayyib ya khala", sai ta kama kunnensa.

"Ni da aka haifa inda ruwa ke daskarewa na iya cewa to. Kai jikan Hajiya Fatsuma, ciwon baki kake?"

A saman benen nan ta yi rayuwarta: faifan da take juyawa da ƙafa, buhunan yumɓu, da tanderun bulo mai aiki da gas wanda ita da Kawu suka gina. Ta yi kwanuka, ta yi tulunan ruwa, ta yi kaskon turare, ta yi tayil ɗin ado mai zanen dagi da rassan dabino. Abin da ta gasa bai fito yadda ta nufa ba kuwa, guduma ce rabonsa, ko da duk gidan sun ce ya yi kyau. Kuma a duk tsawon shekarun nan abu ɗaya na san tana tsoro: a wayi gari a ce ta bar Jidda. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin ta Kawu take. Takan ce masa, "Ilyasu, ka kula da hawan jininka. Kai ne takardata."

Wajen tattali kuwa ba a magana. Ruwan da ta wanke hannu sai ya kwanta ta kwashe yumɓun da ke ƙasa. Fasassun kaya suna cikin gwangwanayen madara, kowane launi da nasa. Amma abin da ya fi jawo mata suna shi ne toka. Kullum da safe za ta sa abaya mai tabon yumɓu, ta ɗauki bokiti, ta nufi bakin layi wurin Malam Habu mai tsire, ta kwashe tokar jiya tas. Unguwa ta ɗauka. Baturiya da bokitin toka, ai ba a rasa abin da ake ƙullawa.

Wata rana Malam Habu ya kasa haƙuri.

"Hajiya, ki yi mini afuwa. Tokar nan dai ba wani ake haɗa wa aiki da ita ba ko? Ni mai iyali ne."

"Malam Habu, da ina da asiri, da na fara da naman nan naka ya yi laushi."

Ba ta ƙara masa bayani ba, don bayani ba ɗabi'arta ba ce. Abin da take yi shi ne ta tankaɗe tokar, ta wanke, ta dama da garin dutse, ta tsoma kayanta a ciki kafin gashi. In wuta ta ci, wannan ruwan tokar ne ke narkewa ya zama sheƙi kamar gilashi. Ita riga take ce masa. Da ta yi gashi na gaba sai ta kai wa Malam Habu wani kwano kore shar, ta dire masa a kan teburi.

"Ga tokarka ta dawo."

Ya juya shi, ya shafa, ya shinshina. "Wannan daga murhuna?"

"Daga murhunka."

Tun daga ranar Malam Habu ya canja. Ya zuba yajinsa a kwanon, ya daina sayen gawayi sai mai kyau, in yaro ya kusanci tokar da ruwa ya daka masa tsawa. Wani mai tsire na layin baya ya ji labari ya aiko da tasa tokar kyauta. Gwaggo ta gwada, ta mayar masa da saƙo cewa tokarsa ta ragwaye ce, ya daina ƙona katakon akwati. Shi kuwa Malam Habu in mai saye ya yi ƙorafin tsada, sai ya nuna kwanon da wuƙa ya ce, "Ɗan'uwa, tsiren da ko tokarsa Turawa ke zuwa ɗiba da bokiti kake tayawa."

Hawan jinin nan dai shi ya ɗauki Kawu Ilyasu, Allah ya ji ƙansa. Gwaggo ta yi takabarta a saman bene, ba ta kunna wuta ba ko sau ɗaya. Tana fita kuwa maganar da take tsoro ta taso. Aka ba ta wa'adi: ko ta sami sabon kafili da zai ɗauki nauyin zamanta a ƙasar, ko ta tattara. Mu kuwa duk gidan ba mai iya ɗaukarta, kowa a ƙarƙashin wani yake.

Ana cikin haka ɗan ƙaninta, Filib, ya sauka daga Faransa. Mutumin kirki ne, dogo, mai yawan ba da haƙuri. Ya zo da hotunan wani gida a wayarsa, ga lambu, ga kujeru a rana, ga ma'aikata cikin fararen kaya. Ta zaunar da shi a ƙasa, ta sa masa tuwo da miyar kuka, ta riƙa fassara mana abin da yake cewa tana ƙara nata.

"Ya ce gidan tsofaffi ne. Wai kowa da ɗakinsa, ba hayaniya." Ta dubi Umma. "Dije, laifin me na yi?"

Filib ya ƙara magana a hankali, gumi na zuba masa, ban sani ba ko na yaji ne ko na Jidda.

"Ya ce wa zai kula da ni a nan. Anas, tashi ka ƙirga masa mutanen da ke cin abinci a gidan nan. In ka gaji ka huta ka ci gaba."

Muka yi dariya, shi ma ya yi. Sai ta ajiye wasa, ta yi masa magana da Faransanci, gajeriya, muryarta ƙasa ƙasa. Ya sunkuyar da kai. Daga baya na tambaye ta abin da ta ce.

"Na ce masa sana'ata sanin ƙasa ce. Na taɓa ta can, na taɓa ta nan. Wadda aka sa Ilyasu a ciki ita nake so."

Filib ya koma shi kaɗai da kaskon turare a jakarsa, ya bar mata alkawarin cewa ɗakin yana jiranta in abin ya ƙi.

Hanya ta ɓullo ta wurin yayanmu Bashir. Direba ne a Abhur, can bakin tekun Jidda, yana tuƙa wata attajira da ake kira Ummu Rayan, mai kamfanin ƙawata gidaje. Da gangan ya riƙa miƙa mata gahawa a finjalin ginin Gwaggo har ta tambayi inda aka samo shi. Tana gina sabon gidan saukar baƙi a bakin teku, tana son a lulluɓe bangon da ke bayan maɓuɓɓugar ruwa da tayil na hannu. Sharaɗinta ɗaya: shuɗi zalla, irin na sararin sama, kowane ɗaya daidai da ɗan'uwansa. In aikin ya yi mata, za ta ɗauki Gwaggo a kamfaninta, ta zama kafilarta.

Da Yaya Bashir ya kawo saƙon, Gwaggo ta buɗe baki. "Duk iri ɗaya? To ta tafi masana'an..." Sai ta tsaya, ta haɗiye sauran. Ban taɓa ganin ta haɗiye magana ba sai ranar. A nan muka gane girman abin a zuciyarta.

Ta shiga aiki ba ji ba gani. Ta sayar da awarwaronta ta sayi yumɓu da garin shuɗi. Malam Habu ya riƙa kawo toka da kansa har saman bene, yana haki. Tayil suka cika rufin, an jera su suna shan iska.

Ana gobe za a yi gashi, wata dillaliya mai kawo turare ta biyo Umma sama, ta ga kayan, ta riƙe haɓa ta ce, "Lallai Baturiya ta warke. Wannan aiki haka, ai sai kuɗi." Ta juya ta sauka, ba masha Allah, ba tabarakallah.

Hajiya Ta-Makka tana wurin. Kun san ta, maƙwabciyarmu ta hawan ƙasa, haifaffiyar Makka, wadda ita da Gwaggo suka shekara arba'in suna faɗa kullum kuma ba wadda ke iya shan shayi ba tare da ɗayar ba.

"Kin ji ta ko, Baturiya? Ido ya shiga kayan nan. Gobe sai an watsa gishiri a wuta."

"Ni Falaƙi da Nasi Kaka ta koya mini, kuma na karanta. Gishiri na miya ne."

"Uwata da shi ta yi mana, ga mu nan da ranmu."

"Da ranku, amma dubi yadda kika fito. Ki ji ni da kyau, tsohuwa: kada wanda ya kai mini gishiri kusa da tanderu."

Ba ta faɗi dalili ba. Kowa ya ɗauka taurin kan Turawa ne da ba su yarda da kambun baka ba.

Aka kunna wuta bayan sallar asuba. Ni ina makaranta ranar, amma na bi kowa na tambaya, kuma abin da zan faɗa bakinsu ya zo ɗaya a kai. Wajen la'asar, lokacin da cikin tanderu ya yi fari don zafi, Gwaggo ta sauka ta yi salla ta ɗan miƙe ƙafa, don gwiwoyinta sun fara ba ta wahala. Ta bar Umma da gadi. Umma ta duba hagu ta duba dama, ta kwance bakin mayafinta, ta jefa ƙullin gishiri ta ramin wuta. Farin hayaƙi ya tashi mai yaji a ido. Ta ce a ranta, ga idon nan yana ƙonewa. Ta sauka duba tukunya da kwanciyar hankali.

Tana sauka Hajiya Ta-Makka ta hau, da kofin awo cike. Bayanta Yaya Salma. Bayanta matar Malam Habu, wadda mijinta ya aiko don kare martabar tokarsa. Kowace ta ɗauka ita kaɗai ce ta yi wannan jihadi. Na ƙarshe shi ne Yaya Bashir, wanda a daren jiya ya gama yi wa mata wa'azi cewa wannan camfi ne. Shi leda guda ya juye.

Da Gwaggo ta hau, hayaƙin ya wuce. Ta ɗan shaƙi iska, ta yamutsa fuska, ta ce iskar teku ce ta juyo. Ta kashe wuta, ta toshe ramuka, ta hana kowa taɓawa har ya huce don kansa.

Ranar buɗewa duk gidan muna sama. Ta zare bulon ƙofa, ta sa hannu ta ciro na farko. Ba shuɗin sama ba ne. Shuɗin ya tsinke, ya gangara, ya haɗu da kore, gefensa ya yi ruwan zuma, fuskarsa ta yi ƙananan gurabu kamar ɓawon lemo. Ta ciro na biyu, bai yi kama da na farko ba. Ta ciro na uku. Ba biyu da suka zo ɗaya.

Ta shafa shi da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa. Sannan ba tare da ta waiwayo ba ta ce, "Wa ya zuba mini gishiri?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Ba tambayar ko an zuba nake ba. Wa?"

Umma ta ce, "Ɗan kaɗan ne, Yaya Jinet. Bai cika tafin hannu ba."

"Tafin hannu ba ya wannan aiki."

Hajiya Ta-Makka ta gyara mayafi. "To ni ma na ɗan taimaka."

"Ke ma?" in ji Umma.

"Ni ma," in ji Yaya Salma daga baya.

Matar Malam Habu ta ɗaga yatsa kawai. Yaya Bashir yana ta kallon sama kamar mai neman jinjirin wata, har Gwaggo ta juyo ta tsare shi da ido.

"Shehin malami?"

"Gwaggo, ni don kada a ce ba a yi komai ba ne."

Ta miƙa hannu ta ɗauko guduma. Umma ta fara salati. Mun san dokarta, kuma mun san babu sauran yumɓu, babu sauran awarwaro, wa'adi kuma ya matso. Ta ɗora tayil ɗin a kan bulo, ta ɗaga gudumar, ta tsaya. Rana ta faɗo a kansa, launin ya motsa kamar ruwa mai zurfi. Sai ta ajiye gudumar ta zauna a kan buhu.

"Kakana haka yake yi," ta ce. "A ƙauyenmu. In wuta ta kai ƙarshe sai ya watsa gishiri da shebur, ya narke ya bi jikin tuluna. Da na shiga makarantar birni na ce wannan aikin ƙauyawa ne, na raina shi. Rabona da ganin wannan fuska tun ina da kitso biyu." Ta share ido da bayan hannu, ta bar yumɓu a kumatu. "Kun ɓata mini aiki. Kun kuma kashe mini tanderu, don gishiri in ya shiga bulo ba ya fita, duk abin da na gasa nan gaba haka zai fito. Kuma ban taɓa yin abin da ya kai wannan kyau ba. Allah ya isa, Allah ya yi muku albarka."

Yaya Bashir ya ga ƙofa ta buɗe. "To shi ke nan, Gwaggo. Sai mu ce mata sabon yayi ne daga Faransa. Wallahi in ta ji haka, halas, magana ta ƙare."

"Ban taɓa yi wa yumɓu ƙarya ba, ba zan fara da mutum ba. Ta ce shuɗi zalla, ban kawo ba. Haka zan gaya mata."

"In ta ƙi fa?"

"In ta ƙi, Filib yana da ɗaki mai lambu."

Ba wanda ya yi dariya.

Washegari muka ɗauki hanyar Abhur da akwatuna a bayan mota, Gwaggo a gaba, ni da Hajiya Ta-Makka a baya. Hajiya ta ce ƙafarta ƙafar Baturiya, tunda da ita aka ɓata da ita za a sha kunya. Aka jera tayil a ƙasa gaban bangon. Ummu Rayan ta fito, mace mai tsayi da tabarau a goshi. Ta bi jerin da kallo daga wannan gefe zuwa wancan, fuskarta ba alamar komai.

"Wannan ba shi na ce ba."

"Ba shi ba ne, Sitti," in ji Gwaggo da Larabcinta na cefane.

"To me ya faru?"

Gwaggo ta nuna Hajiya Ta-Makka da haɓa. "Tambayi wannan."

Hajiya kuwa kamar jira take. Ta gyara tsayuwa ta kwararo zance da Larabcin Makka tsantsa: dillaliya, rashin masha Allah, farin hayaƙi, har da ledar Yaya Bashir, wanda ya koma bayan mota yana goge gilashin da ba datti. Ummu Rayan ta saurara har ƙarshe. Ta sunkuya ta ɗauki tayil ɗaya.

"Kina nufin gishirin a cikin wuta aka zuba? Ya shiga jikinsa?"

"Ya zama jikinsa," in ji Gwaggo.

"Ba ya wankewa?"

"Sai dai a fasa."

Ummu Rayan ta shafa tayil ɗin. Ta ce mahaifiyarta, Allah ya ji ƙanta, ba ta tarewa a sabon gida sai ta zuba gishiri a kowace kusurwa, amma masu shara sukan kwashe shi kafin mako. Ta rage murya ta matso kusa da Hajiya Ta-Makka.

"Dangin mijina ne za su zo buɗe gidan nan, ya khala. Kin san idonsu?"

"Ba sai kin faɗa ba, 'yata. Kowa da nasa."

"Halas. A kafa shi. Bashir, gobe ka kawo takardunta ofis."

Ni na yi hamdala a raina. Amma Gwaggo ba ta motsa ba.

"Sitti, ki dubi launin tukuna. Ki ɗaga shi a rana ki ga yadda koren ke shiga cikin shuɗin."

"Eh, yana da kyau shi ma."

"Shi ma," in ji Gwaggo da Hausa.

Muka fito daga Abhur, muka kama hanyar gida. Hajiya Ta-Makka tana ta murmushi tana jan carbi. Sai can Gwaggo ta numfasa.

"Na yi makaranta a Faransa. Na ƙona yatsuna shekara da shekaru. Yau an ɗauke ni aiki a matsayin boka."

"Ki gode wa Allah, Baturiya. Da don launi ne da yanzu kina filin jirgi."

"Rufe mini baki, tsohuwa." Ta miƙo hannu baya ba tare da ta juyo ba, Hajiya ta kama, suka riƙe juna har Hindawiyya.

Babanmu ya ce maganar gishiri da ido camfi ce, kuma ni ina tare da shi. Gwaggo ma ba ta taɓa yarda ba, duk wanda ya zo sayen kaya don maganin ido sai ta ce masa ya je ya karanta Falaƙi da Nasi, sannan ya dawo ya sayi kwano don cin tuwo. Abin da na sani shi ne iƙama ta fito, kuma bangon yana nan a Abhur. Na je na gan shi da hantsi, ruwa na gangarowa a kansa, baƙi suna tsayawa ɗaukar hoto. Wasu masu zanen gidaje sun zo har saman benenmu suna tambayar wace ce ta yi shi, suka tarar da tsohuwa cikin abaya mai tabo tana yi wa Anas faɗa da Hausa. Daga nan aiki bai ƙara yanke mata ba. Ranar gashi kuwa ta zama ranar matan gidan: su jeru da ƙullin gishirinsu, ita tana leƙen wuta, ba mai motsi sai ta ce, "Yalla, 'yan ɓarna, yanzu."

Haka ta ƙarasa shekarunta a cikinmu, ba wanda ya ƙara yi mata zancen jirgi. A bara ta kwanta, ciwon bai daɗe ba. Umma da Hajiya Ta-Makka ne suka yi mata wanka. Aka sallace ta bayan la'asar a masallacin unguwa, sahu har waje, Malam Habu ya rufe teburinsa ya bi gawa. Aka kai ta maƙabartar da aka kai Kawu Ilyasu.

Allah ya ji ƙan Gwaggo Jinet. Ya Allah, baƙuwa ta zo ƙasarka mai tsarki ta ƙi komawa, kada ka mayar da ita baƙuwa a wurinka. Ka yalwata mata kabarinta, ka sanyaya mata shi, ka yafe mata kurakuranta, ka sada ta da Ilyasunta a gidan da ba a ba kowa wa'adi. Mu da ta bari, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.